Hagu, dama da tsakiya: ina amshi yake tafiya in waƙa ta isa ƙauye?

Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu mai aikin haɗa sauti ya yi gaban matasa masu sitidiyo da ma'aikatan radiyon karkara. Mun rubuto shi yadda anka faɗe shi, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Na san akwai wanda ya ga takardar gayyata ya ce, mi ya haɗa ƙungiyar fararen hula da wani ɗan maɓalli na teburin haɗa sauti? To ga abin da ya haɗa su. Duk shekara ƙungiyoyi irin tamu suna biyan kuɗi a yi waƙar faɗakarwa: kan rigakafin shan inna, kan barin ɗiya mata su ƙare lakkol, kan takardar haihuwa, kan rigimar manoma da makiyaya lokacin sakin gonaki. A zauna a tsara baituka, a yi ta gardama kan kalma guda har dare. A sitidiyo kowa ya saurara ya ce ma sha Allah. Waƙa ta isa Dakoro ko Tanut ko Keita, ta fito daga ƴar radiyo mai baki guda, sai kiɗa ya yi ta tashi, amshi kuwa, wanda shi ke ɗauke da saƙon, ya koma kamar daga cikin rijiya ake yin shi. Kuɗi sun tafi, kuma matar da anka yi waƙar dominta ba ta ji ranar da za ta kai yaro likita ba. Sau da yawa ba laifin mawaƙi ba ne, ba na gidan radiyo ba. Wurin raba sauti tsakanin hagu da dama ne aiki ya ɓaci.

Mu fara da tambayar da ya kamata a manna a bangon kowane sitidiyo: da mi mutanenmu suke sauraro? Ƙaramar Itel mai maɓallai, lasifika guda. Radiyon mai shayi, lasifika guda. Sonon da ake ɗaurawa kan mota ranar kasuwa, ko akwai akwati biyu, wanda ke tsaye kusa da ɗaya ba ya jin ɗayan. Ɗan kabu-kabu ya saƙala ekuter a kunne guda, ya bar ɗayan don jin hon. Samari biyu a fada, igiya guda, kowa da kunne ɗaya. Wanda zai zauna daidai tsakiyar lasifika biyu ya natsu, kusan mu kaɗai ne, mu masu haɗawa.

Kuma kada wani ya raina wagga ƴar waya. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi kundinshi na fari, Anar, a 2008. Ba kamfani ne ya raba shi ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta Bluetooth da memuwar, har ya tsallaka ƙasashe ya faɗa kunnen masu buga faifai a Amurka. Hanyar da waƙarku za ta bi ke nan, in Allah ya sa ta karɓu.

To mi ne sitiriyo ɗin? Allah ya yi mu da kunne biyu. In jaki ya yi kuka a damarka, ƙarar tana riga isa kunnen dama, kuma ta fi ƙarfi can, don kai ya tare wa kunnen hagu. Sauti shina gudun mita 340 ne a sakan, saboda haka ratar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, amma ƙwaƙwalwa tana kama ta, ta ce maka jaki na dama. Maɓallin pan wayo yake yi ma ƙwaƙwalwa da rabin wanga abu, wato bambancin ƙarfi. Ka murɗa shi hagu, ya ƙara ma lasifikar hagu ya rage ma ta dama. Ka bar shi tsakiya, duka biyu su faɗi abu guda da ƙarfi guda, sai ka ji murya tsaye gabanka a wurin da babu lasifika ko kaɗan. Iyakar aikinshi ke nan. Ba ya gyara murya, ba ya ƙara mata daɗi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, ya shigar da takardar mallakarta a 1931, amma sai 1958 faifan sitiriyo ya bazu a kasuwa. Su kansu Turawan sun daɗe suna lalube. Ku nemi wasu waƙoƙin Beatles na 1965, za ku ji murya duka a gefe guda, kayan kiɗa a ɗaya gefen. Cire kunne guda, ka rasa mawaƙi. A lokacin, haɗin mono ne sunka fi ba muhimmanci, don shi jama'a ke ji a radiyo. Halin da suke ciki a wancan zamani, shi muke ciki yau.

Ƴan radiyo, ga naku. Tsarin sitiriyo na FM da Amurka ta amince da shi a 1961, wanda har yau shi ake aiki da shi, ba ya aika hagu daban dama daban. Shina haɗa hagu da dama ya aika su a matsayin babban sauti, sa'an nan ya aika bambancin da ke tsakaninsu a wata hanya ta biyu. Radiyo mai baki guda babban kaɗai take kamawa. Ko mai baki biyu, in ta yi nisa da eriya, wancan na biyun ne ke fara shiga hayaniya, shi ya sa radiyoyi da yawa ke komawa mono da kansu. Ma'ana, duk wanda ke bakin iyakar inda tasharku ke kaiwa, mutumin ƙauye na nesa wanda don shi anka yi faɗakarwar, hagu-haɗe-da-dama yake ji.

Kuma in anka haɗa su, lissafi ba ya tsayawa yadda ka bar shi. Abin da ke tsakiya ya zo ta hanya biyu, abin da ka tura ƙarshen gefe ya zo ta hanya guda. Don haka na gefen shina raguwa da desibel 3 in an gwada da na tsakiya, wani sa'in har 6, gwargwadon yadda anka saita manhajar da kake aiki da ita. Desibel 3 ba ya kashe jita. Amma ya isa ya tura kalmomi ƙarƙashin kiɗa.

Nan nake son mu daɗe, don nan ne waƙarmu ta bambanta da wadda masu koyarwa a YouTube suke misali da ita. A waƙar Turawa, muryoyin baya ado ne. Su ce a watsa su hagu da dama, kuma sun yi daidai a tasu waƙa. Mu kuwa ƴan amshi ba ado ba ne. Ku tuna yadda makaɗan fada ko na noma suke: uban waƙa ya jefa ɗa, ya zaga, ya yi kirari, ya yi habaici, amma gindin waƙa a bakin ƴan amshi yake, shi ake maimaitawa, shi yaro ke tafiya da shi gida. A waƙar faɗakarwa ma, abin da muke son ya zauna a kai, a amshi muke sa shi. Wanda ya kwashe amshi gaba ɗaya ya jefa ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ya ɗauki saƙon ya ajiye a wurin da ya fi ko'ina rauni.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a naɗi amshi sau uku, naɗi na gaskiya, ƴan amshi su sake rerawa kowane karo. Guda ya zauna tsakiya, shi ne ginshiƙi, kuma shi ya fi ƙarfi. Biyun a buɗe su hagu da dama, ƙasa da shi kaɗan. Mai ekuter zai ji jama'a sun kewaye shi. Mai radiyo zai ji amshi cikakke, don naɗi uku na gaskiya ba sa cin juna: babu mutumin da ke rera abu sau biyu daidai wa daida, kuma wannan ɗan saɓanin shi ne faɗin. I, ya fi cin lokaci. Ƴan amshi za su yi gunaguni, musamman in an ɗauke kuran ana jira. A ba su haƙuri da ruwan sanyi.

Uban waƙa tsakiya, wannan babu gardama. Bas da babbar ganga ma tsakiya. Dalili biyu: kunne ba ya iya nuna inda ƙara mai zurfi ƙwarai ta fito, ƙasa da hez 100 ko kusa da haka, saboda haka tura ta gefe ba ya ƙara komi; kuma ita ce mai cin ƙarfin lasifika, gara biyun su ɗauki kayan tare. Zamanin faifan garmaho akwai dalili na uku, bas a gefe guda yakan sa allura ta yi tsalle.

Kalangu fa? Ni dai ba na tura shi nesa. Kalangu magana yake yi, mai jin Hausa shina jin abin da ya ce. In shi da mawaƙi suna musayar magana, a ɗan karkatar da shi kaɗan daga tsakiya don kada su hau kan juna, amma a bar shi kusa. Waɗanda za a iya sakin su su yi yawo su ne masu cika wuri: caki, tafi, jita ta biyu, ƴan ƙawace-ƙawacen piyano. In akwai gurumi da jita tare, ɗaya hagu ɗaya dama, su yi ma juna nauyi kamar mangala a bayan jaki. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tambayi kanka, in wanga abu ya ɓace gaba ɗaya, waƙa za ta tsaya? In za ta tsaya, ya tafi gefe. In ba za ta tsaya ba, ya dawo gida.

Sai dai a kula, pan ba ya raba faɗa, ɓoye shi yake yi. Goge da muryar mace suna zaune a tsayi guda. Ka raba su hagu da dama, a sitidiyo ka ji sun rabu. A radiyo su dawo ɗaki guda su ci gaba da kokowa. Maganin ba a maɓallin pan yake ba: ko dai mai goge ya yi shiru in ana rera baiti, ya amsa in an numfasa, kamar yadda tsofaffin makaɗa ke yi ba tare da wani ya koya musu ba, ko a rage ma gogen wurin da ya haɗu da muryar. Shi ya sa wasunmu ke fara haɗi a mono, su daidaita komi har kalmomi su fito, sa'an nan su buɗe hagu da dama a ƙarshe.

Yanzu ga inda ɓarna ta fi yawa, faɗin ƙarya. Mutum ya naɗi amshi sau ɗaya, lokaci ya ƙure, sai ya kwafi layin, ya tura ɗaya hagu ɗaya dama, ya jinkirta ɗaya kaɗan. Dabarar tana da suna, Haas, daga wani Bajamushe, Helmut Haas, da ya yi bincike a kanta a 1949: in ratar ba ta wuce kamar milisakan 30 ba, kunne ba ya jin abu biyu, abu guda mai faɗi yake ji. A ekuter, wallahi, da daɗi. Amma haɗa su wuri guda ka gani. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. In hawan ɗaya ya faɗa kan saukar ɗaya, sai su kashe juna. Da jinkirin milisakan 10, ramin fari shina faɗawa kan hez 50, na biyu 150, na uku 250, haka nan bayan kowane 100 har sama. Murya ta zama kamar haƙoran matsefi, ana jin ta kamar mai magana cikin tulu.

Wanda ya fi wannan muni shi ne juya faz na gefe guda. Dama ta zama kishiyar hagu daidai: inda wannan ta hau, waccan ta sauka. A kunne biyu sai ka ji kamar sauti ya fita bayan kai. A baki guda, ɗaya a cire ɗaya, saura sifiri. Ba raguwa ba, ɓacewa. Kuma da yawa daga cikin pulogin ɗin faɗaɗawa da kuke ɗorawa a kan haɗin ƙarshe a FL Studio ko Cubase, abin da suke yi shi ne su ƙara ma wancan bambanci na hagu da dama ƙarfi, wato daidai ɓangaren da radiyon ƙauye ke zubarwa. Wasu muryoyin da ke zuwa cikin piyanon Yamaha ma da irin wanga faɗi suke zuwa tun daga kamfani, sai ka ji su sun rame a mono ba ka san dalili ba.

Akwai ma'auni a kusan kowace manhaja, allura mai tafiya daga +1 zuwa -1. In tana wajen +1, hagu da dama suna tare. In tana yawo tsakanin +1 da 0, lafiya lau. In ta zauna ƙasa da 0, wani abu zai mutu a hanya. Amma ko ba ka duba allura ba, akwai maɓallin mono. Danna shi bayan kowane ƴan mintoci. Kyauta ne.

Akwai wata matsala kuma wadda ita akasin wannan ce, masu sono sun san ta ko da ba su san sunanta ba. Wurin taro a jona waya da tebur, kiɗa ya fito, mawaƙi ya ɓace sai ekonshi. A yi ta zagin wanda ya haɗa waƙa. Nan kam ba shi ba ne. An ɗauki kebul mai jak na sitiriyo an soka a ramin tebur da anka yi don layi guda, irin wanda ke cire abin da ya zo ta waya ta biyu daga na ta fari. Sai tebur ya cire dama daga hagu, duk abin da ke tsakiya ya tafi. Tsohuwar ekuter da bakinta ya saki ma tana yin haka. Maganin kebul ne mai rassa biyu, kowane reshe a raminshi. Wani kebul ɗin kuma hagu kaɗai yake ɗauka, abin da ke dama bai ma shiga ba. Saboda irin wannan, in kun yi ɗan wasan kwaikwayo na radiyo, miji da mata suna gardama kan kai yaro rigakafi, don Allah kada a sa miji ƙarshen hagu, mata ƙarshen dama. Wata rana wani gari zai ji miji shina ta ƙi, ba wanda ya ji amsar matar. A ɗan raba su kaɗan ya isa. Kuma ba laifi ba ne ka ba gidan radiyo fayil biyu, na sitiriyo da na mono wanda kai da kanka ka saurara ka yarda da shi, ka rubuta sunan kowane a fili.

Na ga wasu suna murmushi. Na san abin da ke ranku: so kake mu koma zamanin kaset, alhali na Legas da Abijan da Kano suna fitar da sauti mai cika kai? A'a. Ku ɗauki waƙar da kunka fi so daga can, ku sa a manhaja, ku danna mono. Za ku tarar murya, bas da ganga ba su motsa ba. Ba don sun ƙi faɗi ba ne, don sun san abin da za su faɗaɗa. Kuma faɗi da ƙunci ake gane shi. In komi a buɗe yake tun daga sakan na fari, kunne ya saba, babu sauran abin mamaki. A bar baiti a tsuke, mawaƙi da kalangu da bas, in amshi ya shigo a buɗe ƙofofi. Eko ma a bar shi ya bazu hagu da dama yadda yake so, in ya ragu a mono babu wanda ya yi asara, sai dai a yanke mishi ƙasa don kada ya dagula bas.

Kan ɗaki, kalma biyu. Lasifika biyu da kanka su zama kamar duwatsun murhu, rata guda tsakanin kowane biyu. In ɗaya na jingine da bango ɗaya na bakin ƙofa, kunnenka zai yi ta ja gefe guda, kai kuma ka yi ta gyara abin da bai karkace ba. Kask kuma shina ƙara gishiri, don kunnen hagu ba ya jin komi na dama, abin da ba ya faruwa a ɗaki.

Sauran maganata ga shugabannin ƙungiyoyi take, ku masu sa hannu a biya. Ku daina karɓar waƙa a cikin sitidiyo. Can komi da daɗi, don can anka yi shi. A tura ta a ƙaramar waya, a fita tsakar gida inda ake daka, a ajiye wayar kan tabarma. A kira wanda bai taɓa ganin baitukan ba, tsohuwa ko yaro ɗan shekara goma, a sa mishi sau ɗaya, a ce ya faɗi abin da amshi ya ce. In ya faɗa, a biya. In ya ce a sake sawa, a mayar da ita a gyara, kuma a rubuta wanga sharaɗi cikin takardar aiki tun farko, don kada ya zama rigima daga baya. Ku kuma masu sitidiyo, wannan kariya ce gare ku, don in an yarda da ma'auni tun fari, babu mai zuwa bayan wata biyu ya ce aikinku bai yi ba.

Bayan la'asar za mu buɗe kwamfuta. Duk wanda ya zo da haɗinshi a memuwar ya kawo, ba za mu faɗi sunan mai shi ba. Akwai ƴar radiyo da Itel guda a kan tebur, da su za mu saurara. Waɗanda sunka zo da kebul ɗin sononsu ma su kawo mu duba bakin.